Shawarwari a zaure: fina-finan ban tsoro da na leƙen asiri da muka kalla kwanan nan

Baban Yara, Gawon Nama:
Assalamu alaikum 'yan zaure, da fatan kowa ya wuni lafiya. Ina neman shawararku game da fina-finan ban tsoro da na leƙen asiri, domin waɗanda ake tura mini a waya kwanan nan duk sun koma iri ɗaya. A na ban tsoron, sai a yi tsit na ɗan lokaci, sannan a buga wata ƙara ba zato ba tsammani, wata mummunar fuska ta faɗo gaban kyamara, jini ya malala, shi ke nan. A na leƙen asirin kuma daga tseren mota sai harbe-harbe, ba a nuna ainihin aikin, wato yadda ake bin sawun mutum, da yadda ake tatsar bayani, da yadda ake gane maci amana. Abin da nake so shi ne fim mai labari, wanda zai bar mutum da tunani bayan an kashe talabijin. Ina roƙon duk wanda zai ba da shawara ya kasance ya kalli fim ɗin da idonsa, kuma ya faɗa mana gaskiya idan akwai wurin da bai dace a kalla a falo tare da iyali ba.

Ta Gidan Igwai:
Wa alaikumus salam Yaya. Wanda zan fara ba ka shi ne Under the Shadow na shekarar 2016, wanda Babak Anvari ya ba da umarni. Da harshen Farisanci aka yi shi, saboda haka sai ka nemi mai rubutun fassara a ƙasan allo. Labarin yana faruwa ne a Tehran wajen ƙarshen yaƙin Iran da Iraƙi, wanda aka gwabza daga 1980 zuwa 1988, a daidai lokacin da makamai masu linzami suke faɗowa cikin birnin. Wata mata ce aka hana ta komawa karatun likitanci saboda ta taɓa shiga harkar siyasa a zamanin juyin juya hali, aka kuma tura mijinta, wanda shi likita ne, bakin daga, aka bar ta da 'yarta ƙarama a wani gidan bene da maƙwabta suke ta ƙaura daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Rannan makami ya huda rufin benen ya tsaya bai fashe ba. Daga nan 'yar tsanar yarinyar ta ɓace, zazzaɓi ya kama ta ya ƙi sauka, wata maƙwabciya kuma ta gaya wa uwar cewa aljanu a cikin iska suke tafiya, kuma idan suka ɗauke wani abu da mutum yake ƙauna, to sun sami hanyar binsa duk inda ya nufa.

Abin da ya kama ni a fim ɗin shi ne yadda aka gina tsoron da kayan cikin gida. Akwai tsaga a rufin ɗaki da matar ta liƙe da salatif, ana ta mayar da kyamara kanta har ka fara jin nauyin ɗaga ido ka dube ta. Abin da yake damun su ɗin ma galibi ba shi da fuska, mayafi ne yake motsi a inda bai kamata a ga motsi ba. Har a yi nisa ba za ka iya rantsewa ko aljani ne, ko kuwa rashin barci da fargabar yaƙi da kaɗaici ne suka taru a kan baiwar Allah. Akwai daren da ta sungumi 'yarta ta fita titi a guje babu takalmi babu mayafi, masu sintiri suka kama ta, aka zaunar da ita ana yi mata faɗa a kan shigarta, babu wanda ya tambaye ta abin da ya koro ta daga gida. A nan ne tsigar jikina ta fi tashi. Babu tsiraici a cikinsa, jini ma kaɗan ne ƙwarai, amma ban ba ka shawarar ka bar ƙananan yara su zauna ba.

Ɗan Arkilla:
Na goyi bayan Anti a kan wannan. Ni kuma zan ƙara da His House na 2020, wanda Remi Weekes ya shirya. Mata da miji ne suka tsere wa yaƙin Sudan ta Kudu, suka ƙetare teku a kwale-kwale, yarinyar da ke tare da su ta nutse a hanya, suka isa Ingila a matsayin masu neman mafaka. Hukuma ta ba su wani tsohon gida bisa sharaɗin ba za su tashi daga cikinsa ba, ba za su yi aiki ba, kuma za su riƙa kai kansu a gan su a kan kari. Wannan sharaɗin ne ya toshe tambayar da kowa yake yi idan yana kallon irin waɗannan fina-finai, wato me ya hana su tattara kayansu su bar gidan. Idan suka bar shi za a iya mayar da su inda suka fito, ga shi kuma da dare ana magana daga cikin bango. Mijin ya dage sai ya zama ɗan gari, ya canja sutura, ya ce a riƙa cin abinci da cokali, ita kuwa matar ta ce abin da ya biyo su bashi yake bi, kuma ba zai tafi ba sai an biya. Ba zan faɗi bashin ba, domin a nan ne fim ɗin yake juyawa gaba ɗaya. Jarumar, Wunmi Mosaku, a Zariya aka haife ta, shi ma jarumin, Sope Dirisu, iyayensa 'yan Najeriya ne. Yaya, wannan na manya ne, akwai gawarwaki da kisan yaƙi a ciki.

Idan kuma kana son mai sauƙin bi, akwai A Quiet Place na 2018, inda wasu halittu suke farautar duk abin da ya yi ƙara, iyali guda suka koma magana da hannu, suna tafiya babu takalmi a kan yashin da suka shimfiɗa a hanyoyinsu. Yarinyar da ta fito a kurma, Millicent Simmonds, kurma ce a zahiri. Kada ka kalle shi janareta yana ruri a tsakar gida, domin rabin fim ɗin shiru ne, kuma shirun ne abin sauraro.

Malamin Runjin Sambo:
Sannunku da ƙoƙari. Ni zan ɗauki ɓangaren leƙen asiri, tunda tarihi nake koyarwa kuma can hankalina ya fi karkata. Idan ainihin aikin kake son gani, ƙanena, ka nemi The Lives of Others, fim ɗin Jamus na 2006, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin harshen waje a 2007. Ya fara ne a Berlin ta Gabas a 1984, zamanin yaƙin cacar baka, lokacin da hukumar tsaron cikin gida da ake kira Stasi take sa ido a kan 'yan ƙasarta. Kafin rushewarta hukumar tana da ma'aikata sama da 90,000, ban da ɗimbin 'yan rahoto da ta dasa a ma'aikatu da makarantu har da cikin gidaje. An ba wani jami'i aikin sauraron wani marubucin wasan kwaikwayo da wata 'yar wasa da suke zaune tare. Aka bi bangon gidan aka binne wayoyi a bayan makunnan lantarki, shi kuma ya tare a can saman benen da na'urar sauraro a kunne da keken rubutu a gabansa, yana rubuta duk abin da ya ji dare da rana.

Ƙananan abubuwan da aka nuna su ne suka fi tsaya mini a rai. Wanda ake yi wa tambayoyi ana sa shi ya zauna a kan kujera da hannayensa ƙarƙashin cinyoyinsa, idan ya tashi a cire ƙyallen kujerar a rufe a kwalba, domin a ajiye warin jikinsa saboda karnuka, kuma wannan abu ne da hukumar ta yi da gaske. Sannan akwai maƙwabciyar da ta leƙo ta ga ana dasa wayoyin, jami'in ya ƙwanƙwasa ƙofarta ya gaya mata a tsanake cewa idan ta furta kalma ɗaya 'yarta za ta rasa gurbinta a jami'a. Babu bindiga, babu ɗaga murya, amma ka san matar nan ba za ta sake yin barci mai daɗi ba. A hankali sai mai sauraron ya gane cewa ba tsaron ƙasa ya sa aka ba shi aikin ba, wani minista ne yake son matar, daga nan zuciyarsa ta fara sauyawa, rahotanninsa ma suka fara sauyawa. Ulrich Mühe, wanda ya fito a jami'in, shi kansa mutumin Jamus ta Gabas ne, ya kuma rasu a 2007. Sai dai akwai wurare na mu'amalar maza da mata da ba za a kalla a falo ba, ka kalle shi kai kaɗai.

Wanda za ka iya zama da Uwargida da manyan yara ku kalla shi ne Bridge of Spies na 2015, na Steven Spielberg. Labarin Rudolf Abel ne, ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet da aka kama a New York a 1957, da lauyan da aka ɗora wa kare shi, James Donovan, wanda Tom Hanks ya fito a matsayinsa. Lauyan ya roƙi alƙali kada a yanke hukuncin kisa, domin wata rana Amurka za ta buƙaci wanda za ta bayar a musaya, aka yanke wa Abel shekara 30. Haka kuwa aka yi. A ranar 1 ga Mayun 1960 Sobiyet ta harbo jirgin leƙen asirin U-2 ta kama matuƙinsa Francis Gary Powers, a ranar 10 ga Fabrairun 1962 kuma aka yi musayar su biyun a kan gadar Glienicke da ke tsakanin Berlin ta Yamma da Potsdam.

Hajiya ta Mabera:
Assalamu alaikum. Na karanta shawarwarinku kuma sun yi ma'ana, amma ina so in ja hankalin zauren nan game da wani rukuni da na ga ya cika wayoyin 'ya'yanmu, wato fina-finan aljanu da sihiri na Turkiyya da Indunusiya da Malesiya. Na zauna na kalli wasu domin in san abin da jikokina suke kallo, kuma raina bai kwanta ba. Mu Musulmi ne, mun yarda akwai aljanu, sura guda ce a Alƙur'ani take ɗauke da sunansu. Amma abin da na gani shi ne ana karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi a tsakiyar ihu da kiɗan tsoro, malami yana karatu ana wurgi da shi a bango, har yaro ya tashi da tunanin cewa aljani ya fi ƙarfin addu'a. Akwai jikata da ta daina zuwa banɗaki ita kaɗai bayan magariba, sai da muka ɗauki lokaci muna zama da ita ana azkar tare kafin hankalinta ya kwanta.

Abu na biyu ya shafi aikina, domin na yi shekaru ina aikin jinya. Yadda ake nuna mai aljanu a waɗannan fina-finai, da sandarewar jiki da kumfar baki da juyewar ido, kusan shi ne yadda farfaɗiya take kama mutum. Farfaɗiya kuwa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, akwai magungunan da suke tsayar da ita ga yawancin masu fama da ita, kuma ba a ɗaukarta ta hanyar taɓa mai ita ko yawunsa. Haka ma macen da hankalinta ya rikice bayan haihuwa. Na sha ganin an kawo irin waɗannan marasa lafiya a makare, bayan an gama yawo da su, wasu da tabon duka a jiki. Ban ce a bar ruƙiyya ba, a yi ta yadda shari'a ta koyar, amma a haɗa da asibiti. Fim ɗin da zai ƙara dasa wa matasa cewa duk wanda ya faɗi aljani ne ya kayar da shi, ni ba zan ba da shawararsa ba.

Ɗan Arkilla:
Allah ya ƙara girma Hajiya, maganarki gaskiya ce, musamman batun farfaɗiya. Sai dai ina roƙon a bambance tsakaninsu, domin ba duka suka zama ɗaya ba. Siccin na Turkiyya, na farkon da ya fito a 2014, labarin wata mata ce da take son ɗan uwanta mai aure, ta je wurin boka aka yi wa matarsa sammu, masifar ta cinye gidan. Saƙonsa a fili yake, amma an cika shi da ƙazanta da abubuwan tayar da zuciya, ni ma ba zan ce kowa ya nema ba. Munafik na Malesiya kuwa, na 2016, wanda Syamsul Yusof ya shirya kuma ya fito a ciki, ya ɗan bambanta. Malamin ruƙiyya ne matarsa ta rasu a haɗarin mota, ya kasa karɓar ƙaddara, ya daina taimakon mutane, sai ga shi an matsa masa ya duba wata mara lafiya alhali zuciyarsa tana cike da fushi. Abin da na fahimta shi ne raunin yana wurin mai karatun, ba wurin ayoyin ba. Duk da haka na yarda yaro ɗan firamare ba zai iya rarrabe wannan ba, ihun kawai zai tafi da shi.

Hajiya ta Mabera:
Na ji bayaninka ɗana, kuma na kalli wannan na Malesiya ɗin. Niyyar mai shi tana da kyau, amma har yanzu ban ji daɗin jin karatun Alƙur'ani an cakuɗa shi da sautin tsoro ba. Babba mai hankali ya kalla idan yana so, amma a cire shi daga wayar da yara suke ɗauka.

Ta Gidan Igwai:
Mama, shi ya sa na fi son waɗanda tsoronsu ya fito daga halin ɗan Adam. Ga masu son na Indiya, akwai Tumbbad na 2018, wanda ya sha bamban da na soyayya da rawa da muka saba gani. Ya fara a 1918 a wani ƙauye da ruwan sama ba ya ɗaukewa, ya ƙare a 1947, shekarar da Indiya ta sami 'yancin kai. Wani mutum ne ya gano hanyar sauka ƙarƙashin wani tsohon gida, inda yake jefa wa wata halitta mai yunwa 'yar tsanar da aka murza da garin alkama, kafin ta gama ci ya wawuri tsabar zinariya ya haura da igiya. Kullum yana komawa, har ya koya wa ɗansa sana'ar, kuma ɗan ya fi shi haɗama. An gina shi a kan tatsuniyar alloli irin ta can, sai a kalle shi da sanin haka, kuma shi ma akwai wuraren da ba na falo ba.

Kawu na Ƙofar Marke:
Allah shi yi muku albarka, kun tuna mini da wani abu da muka ji da kunnenmu a rediyo, wanda ya fi yawancin waɗannan fina-finai ban mamaki. Bayan juyin mulkin 31 ga Disambar 1983 da ya kawar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, mutumin jiharmu, ministansa na sufuri Alhaji Umaru Dikko ya koma Landan da zama. A ranar 5 ga Yulin 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa, sakatariyarsa ta hango abin da ya faru ta kira 'yan sanda. A ranar aka same shi a filin jirgin sama na Stansted cikin wani babban akwatin katako, an yi masa allurar barci, tare da wani likita ɗan Isra'ila da aka sa ya kula da numfashinsa a hanya, ana shirin loda shi a jirgin kaya zuwa Legas. Abin da ya tona asirin shi ne akwatunan ba su ɗauke da cikakkiyar shaidar jakar diflomasiyya, wadda doka ta hana a buɗe, saboda haka jami'an kwastan suka sami damar buɗewa. An ɗaure mutum huɗu, uku 'yan Isra'ila da ɗan Najeriya ɗaya, gwamnatocin Najeriya da Isra'ila ba su amsa cewa da hannunsu ba, dangantakar Najeriya da Birtaniya kuma ta yi tsami. A lokacin babu wata hira a majalisun garin nan sai wannan. Ina fata masu shirya fina-finanmu su dubi irin wannan tarihi, su yi bincike na gaskiya ba tare da ɗaukar ɓangare ba, domin duk abin da ake nema a labarin leƙen asiri yana cikinsa.

A cikin na gida da na kalla, October 1 na Kunle Afolayan, na 2014, ya gamsar da ni. Marigayi Sadiq Daba ne ya fito a Sufeto Danladi Waziri, ɗan sanda ɗan Arewa da Turawan mulki suka tura wani gari a ƙasar Yarabawa ya gano mai kashe mata kafin ranar 'yancin kai ta 1960. Na bincike ne, amma daren dajin da aka nuna ya ishi mai neman tsoro. Ya taɓo fyaɗe da cin zarafin yara, saboda haka na manya ne. A na Turawa kuwa babu wanda na ɗora sama da Tinker Tailor Soldier Spy na 2011.

Malamin Runjin Sambo:
Allah ya ja kwana Kawu, wannan tarihi ya kamata matasanmu su sani. Maganarka ta bincike na gaskiya ta kawo ni kan wani gargaɗi game da fina-finan da ake rubuta wa cewa daga labarin gaskiya aka ɗauko su. Argo na 2012 misali ne. Gaskiya ne an mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran ranar 4 ga Nuwamban 1979, an yi garkuwa da ma'aikatansa kwana 444, kuma gaskiya ne mutum shida sun sulale, jami'an diflomasiyyar Kanada suka ɓoye su, aka fitar da su a ƙarshen Janairun 1980 da fasfo na Kanada a matsayin masu neman wurin ɗaukar fim. Amma tseren da aka nuna a ƙarshe, motoci suna bin jirgi a kan titin tashinsa, bai faru ba. An kuma rage rawar da Kanada da jakadanta Ken Taylor suka taka, har Jimmy Carter, wanda shi ne shugaban Amurka a lokacin, ya fito ya ce mafi yawan aikin na Kanada ne. Fim ɗin yana riƙe mai kallo, amma ban ji daɗin yadda kusan duk Ba'iraniyen da aka nuna yake cikin fushi da hargowa ba. A kalle shi a matsayin fim, a nemi tarihin a wani wuri.

Ta Gidan Igwai:
Malam, a kan wannan batu na yadda ake nuna abokan gaba, Raazi na Indiya, na 2018, ya yi adalcin da ban zata ba. Alia Bhatt ce ta fito a wata ɗaliba Musulma 'yar Kashmir da mahaifinta ya aurar da ita ga ɗan wani babban hafsan sojan Pakistan gab da yaƙin 1971, domin ta riƙa aiko da bayanai. Gidan mijin mutanen kirki ne, sun riƙe ta da mutunci, mijin yana ƙaunarta, shi ya sa duk saƙon da ta aika sai ka ji nauyinsa, ranar da aikin ya kai ta ga kashe mutanen gidan kuma ba a nuna shi a matsayin abin murna ba. Shawarata ita ce a nemi na asali mai rubutun fassara. Masu fassara da murya zuwa Hausa suna ƙoƙari, kuma sun kai fim ga waɗanda ba sa jin wani harshe, amma wanda na ci karo da shi an cusa barkwanci a daidai wurin da ya kamata a yi shiru, sai fargabar ta zube.

Baban Yara, Gawon Nama:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun kalli Bridge of Spies da Uwargida da babban ɗana, kuma natsuwar dattijon da ya fito a Abel ce ta fi burge mu, mutum ana maganar kashe shi amma ko gezau. Hajiya, na bi wayoyin yara na share abin da ya kamata a share. Kawu, na fara Tinker Tailor Soldier Spy, amma sunaye sun yi yawa kuma ana ta komawa baya ba tare da sanarwa ba. Ina neman ƙarin haske kafin in ci gaba.

Kawu na Ƙofar Marke:
Madalla ɗana. Dattijon nan Mark Rylance ne, kuma ya ci Oscar da wannan rawar. Shi kuwa wancan fim ɗin, kallonsa kamar kallon dattawa suna dara ne, motsi kaɗan, lissafi da yawa, sai ka ajiye waya ka ba shi hankalinka duka. Ga abin da za ka riƙe. Shugaban hukumar leƙen asirin Birtaniya, wanda ake kira Control, ya yi zargin cewa ɗaya daga cikin manyan jami'ansa yana yi wa Mosko aiki. Ya tura wani jami'i Hangari ya samo sunan, aka harbe jami'in, aka kori Control tare da na hannun damansa George Smiley, wanda Gary Oldman ya fito a matsayinsa. Bayan rasuwar Control sai gwamnati ta dawo da Smiley a asirce ya gano maci amanar. A gidan marigayin za ka ga 'ya'yan wasan ces, wato darar Turawa, da aka liƙa wa hotuna, waɗannan su ne waɗanda ake zargi, huɗu da ke kan kujerun mulkin hukumar, na biyar kuma Smiley kansa. Ka tsayar da fim ɗin a nan ka haddace fuskokin.

Game da komawa baya, ka dubi tabarau ɗin Smiley. Tun farkon fim ɗin ya canja tabarau bayan an sallame shi, saboda haka duk inda ka gan shi da tsohon, to abin da ya wuce ake nuna maka. Walimar Kirsimeti ta ma'aikata da ake ta dawowa kanta ita ma ta baya ce, ka lura da wanda yake duban wa a cikinta. John le Carré, wanda ya rubuta littafin a 1974, ya yi aiki a hukumomin leƙen asirin Birtaniya na MI5 da MI6, kuma a zamaninsa ne Kim Philby, babban jami'in da ya daɗe yana yi wa Sobiyet aiki, ya tsere daga Beirut zuwa Mosko a 1963. Akwai ɗan tsiraici da kisa mai muni a ɓangaren Istanbul, kada ka kalla da yara. Idan ka gama kana son labarin a shimfiɗe, BBC ta yi shi kashi bakwai a 1979 da Alec Guinness, kuma wannan ya fi ba kowane jami'i lokacin da za ka san shi.